Kafin Ka Miƙa Kuɗin Nan, Ɗana

Ɗana, jiya da daddare ka tare ni a ƙofar shago da waya a hannu. Hotuna biyu ka nuna min. Na farko laftof ce hom-yus, wadda abokinka na Aboabo yake son sayar maka. Na biyu kwamfutar tebur ce, wadda wani mai shago a Adum ya ce zai haɗa maka sabuwa fil. Ka ce, "Kawu, duba. Wannan i5, wannan ma i5. Wannan 2.5, wannan ma 2.5. Don me zan biya kuɗi ninki-ninki?" Kafin in buɗe baki aka kira isha'i. Muka wuce masallaci, magana ta tsaya a nan. Na kwana da ita a raina. Ga amsar, ka samu wuri ka zauna.

Tambayarka ta yi min daɗi. Yaron da ke tambaya kafin ya zaro kuɗi, da wuya ya yi da-na-sani. Kuma na san kuɗin nan. Na san ranar da ka sha a kan pragya, keken hayar nan mai ƙafa uku, kafin ka tara su. Na san mahaifiyarka ta ɗora maka kwasar adashinta a kai, ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Irin wannan kuɗi ba a kashe shi a tsaye.

Bari mu fara da takwara. In ka tsaya a bakin layinmu nan Asawase ka kira Muhammadu, mutum nawa za su waiwayo? Akwai dattijon da ke jan carbi a kan benci. Akwai saurayin da ke sauke buhunan masara a kasuwa. Akwai jaririn da aka raɗa wa suna makon jiya. Duk sunansu ɗaya, kuma kowa da darajarsa. Amma ranar da za a ɗauki buhu, ka san wanda za ka kira.

Haka i5 yake. Sunan gida ne. Kamfanin Intel ya fara sa wa furosesa wannan suna tun 2009, ya ci gaba da sa shi shekara bayan shekara, kamar yadda muke mayar da sunan kakanni. Furosesa kuwa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan abu ne da bai wuce faɗin kan sarki da yawa ba. Duk lissafin da ake yi a ciki, shi ke yi. Sitikar da ke manne kusa da madannai sau da yawa sunan gidan kawai take faɗa maka. Ba ta faɗin shekaru.

Shekarun suna cikin lambar da ke bayan sunan. Da na sa tabarau na buɗa hoton, na ga laftof ɗin abokinka i5-2520M ce. Wannan furosesa na san shi kamar yunwar cikina, domin shi ne a cikin tsohuwar ThinkPad T420 da kake gani a kan teburina. Fitowar 2011 ne. Na mai shagon Adum kuwa i5-12400 ne, fitowar farkon 2022. Shekara 11 ke nan a tsakaninsu. Ka tuna ajin da kake a firamare a 2011, sannan ka dubi kanka yau.

Karanta lambar ba wuya. Ka dubi abin da ya biyo bayan ɗan layin nan. A 2520M, lambar farko 2 ce, wato zubi na 2. A 8250U, zubi na 8. In ka ga ta fara da 10, 11, 12 ko 13, to lambobi biyun farko za ka ɗauka: 12400 zubi na 12 ne, 1235U ma haka. In lambobi uku ne kacal, kamar 520M, wannan zubin farko ne, ka gaishe shi ka wuce. Harafin ƙarshe ma yana magana. M da U na laftof ne, an yi su ne don su ci wuta kaɗan. Ka riƙe wannan ko da ka manta sauran abin da zan faɗa.

To, me shekara 11 ta canza?

Ka san mai waakye da ke kusa da tasha. Tun asuba take hura wuta. Ka ɗauka murhu biyu gare ta. Shinkafa da wake a ɗaya, miya a ɗaya. In tana son dafa ƙwai ko taliya, sai ta jira wata tukunya ta sauka. Layi na tsawo, masu sauri na tafiya. Yanzu ka ba ta murhu shida. Komai na dahuwa lokaci guda. A cikin furosesa akwai irin waɗannan murahu, mu kira su ƙwayoyi, kowace tana aikinta daban. Na laftof ɗin ƙwaya 2 gare shi. Na teburin ƙwaya 6.

Sai 2.5 ɗin da ya ruɗe ka. Wannan gigahaz ne, ma'aunin taku. Ma'anarsa furosesa na yin taku biliyan biyu da rabi a daƙiƙa ɗaya. Gaskiya ne, su biyun daga nan suke farawa. Amma ka taɓa tafiya Kejetia a ƙafa da ƙaramin ƙanenka? Ka yi taku ɗaya, ya yi taku ɗaya, amma kafin ku kai Manhyia ka bar shi a baya, domin takunka ya fi nasa faɗi. Sabon furosesa yana gama aiki mai yawa a kowane taku. Ban da haka, in aiki ya yi nauyi kowannensu yana ƙara sauri. Tsohon iyakarsa 3.2. Sabon yana kaiwa 4.4. Ƙwaya ɗaya tasa ta ninka ta tsohon fiye da sau biyu. In ƙwayoyin shida suka haɗu a kan aiki guda, irin haɗa bidiyo, tazarar ta wuce ninki biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle a gwada hannu biyu da shida.

Akwai kuma ɗan ma'ajin da ke jikin furosesan kansa, inda yake ajiye abin da zai buƙata nan take. Kamar faifan kayan miya ne a gefen murhu. Tsohon megabait 3 gare shi, sabon 18. Mai ƙaramin faifai kullum tana hanyar ɗaki ɗauko gishiri.

Kada ka ce masu ƙera na 2011 ba su iya ba. Sun iya, a zamaninsu abin alfahari ne. Sana'ar ce ke gudu. Furosesan farko da Intel ya fitar kasuwa a 1971, mai suna 4004, 'yan makunnai 2,300 ne a cikinsa. Na yau biliyoyi ne. Kowane zubi ana ƙara ƙanƙanta su, har silin gashin kanka ya zama kamar gungumen icce a kusa da su. Ni kaina in na tuna wannan sai in ce Allah mai iko, da ya ba ɗan Adam wannan basira.

Yanzu bari in zo kan abin da samari ba su cika dubawa ba, wato gidan da furosesan yake zaune. Duk furosesa yana zafi in yana aiki. Na laftof an kulle shi a ɗan siririn akwati, da 'yar fanka guda, ga batir a gefe ana tattalinsa. Shi ya sa aka ƙayyade masa wat 35. Na tebur yana cikin akwati mai faɗi, da babbar fanka a kansa, yana shan wuta kai tsaye daga bango. An rubuta masa wat 65, kuma in aiki ya taso yana iya jan sama da 100. Ko da shekararsu ɗaya, na tebur yakan fi ƙarfi. Aboboyaa, keken ɗaukar kayan nan, na da amfaninta, tana shiga lungun da babbar mota ba ta shiga. Amma ba ita ake ɗora wa lodin Tamale ba.

Ga kuma tsufa. Laftof ɗin nan ta yi wa wani ofis aiki shekaru a Turai ko Amurka kafin a zuba ta a kwantena ta sauka Tema. Ta zo nan ta sha ƙurar hunturu. In ka buɗe bayanta za ka ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi ya bushe, ya zama kamar alli. Da zafi ya doshi digiri 100, furosesa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Shi ya sa za ka ga tsohuwar laftof ta fara aiki garau, bayan minti goma fanka ta kama kuka, komai ya koma tafiyar hawainiya. A shago minti biyu ake kunna maka ita. Ba za ka ga wannan ba sai ka kai gida. Je ka Suame Magazine ka ga masu sayen injin mota. Ba ruwansu da fenti. Sai an tayar, ya yi zafi, sun kasa kunne.

Duk wannan bayani ba shi da amfani sai mun tambayi abu ɗaya: wane aiki za ka ba ta? Kai ka gaya min bidiyon biki da suna kake son ka riƙa haɗawa, da na walimar saukar karatu. Sana'a ce mai kyau, kuma zango ba ya rabuwa da taro. Amma tana cikin ayyukan da suka fi gajiyar da kwamfuta. Wayoyin yanzu da yawa suna ɗaukar bidiyo da wani tsarin matsewa da ake kira HEVC. Wayoyin iPhone tun 2017 suka koma kansa. Sabon furosesa yana da sashe na musamman da ke warware shi ba tare da wahala ba. Na 2011 an ƙera shi kafin tsarin ya fito, saboda haka da ƙarfin tsiya ƙwayoyinsa biyu za su yi ta fama. Hoto zai riƙa tsayawa yana tafiya. Murya ta yi gaba, baki ya biyo baya.

Ka yi tunanin abin da zai biyo. An ɗaura aure ranar Lahadi. Uwar amarya ta ba ka kafin alƙalami, ka ce mata Laraba. 'Yan'uwansu na Jamus da Italiya suna ta bugo waya, suna son su ga yadda aka yi. Daren Talata ka sa bidiyo ya fita, ka kwanta. Da asuba ka duba, ko rabi bai kai ba. Ko ka tarar laftof ta yi zafi ta mutu. Laraba ta wuce, Juma'a ta wuce. Baiwar Allah ba za ta zage ka ba, ta san gidanku. Za ta ce ba komai, ɗana. Amma ranar da ƙanwarta za ta aurar da 'ya, wani za a kira. A zango labari ba ya buƙatar mota. Kuɗin da ka rage wajen saye, za ka biya shi da sunanka, kuma suna ya fi kwamfuta wuyar gyara. Araha ba ta ado, in ji mutanen da.

Akwai wata magana kuma. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa, in ka cire 'yan kaɗan, daga zubi na 8 na Intel take karɓa. Masu gyara sun san dabarar cusa ta a tsohuwar kwamfuta, kuma tana hawa. Saboda haka ganin Windows 11 a fuskar laftof ba shaidar ƙuruciya ba ce. Lambar furosesa za ka duba, daga cikin kwamfutar, ba daga sitika ba. Wannan ya shafe ka sosai, domin hotunan matan mutane da 'ya'yansu za ka riƙa ajiyewa. Amana ce. Ba a ajiye amana a ɗakin da aka daina gyara ƙofarsa.

Kada ka ɗauka na gama yabon ta tebur ke nan, ka tashi ka ruga Adum. Ita ma tana da nata.

Farashin da aka faɗa maka, ka tambaya ko na akwatin ne kaɗai. Akwai allo, akwai madannai da linzami, akwai lasifika. Ka tambayi ram nawa zai sa. Don aikin bidiyo kada ya gaza gigabait 16, kuma ma'ajin fayiloli ya zama SSD. Furosesa mai ƙarfi da ram kaɗan kamar gwanar girki ce da aka ba tukunya ɗaya. Ka duba kuma ko akwai harafin F a ƙarshen lambar. In 12400F ne, ba shi da sashen nuna hoto a jikinsa, sai ka sayi katin hoto daban, wani kuɗin ke nan. Ba laifi ba ne in ka sani tun farko. In kuma ya kawo maka na kamfanin AMD, irin Ryzen 5 5600G, kada ka ƙi don ba ka saba jin sunan ba. Shi ma ƙwaya 6 ne.

Sai wuta. Kai yaro ne a shekarun dumsor, amma ka tuna 2015, lokacin da muke kwana mu wuni a duhu. A shekarar wata ɗaliba ta kawo min aikinta na kammala karatu in buga mata. Kwamfutar tebur nake amfani da ita a lokacin. Na yi nisa ƙwarai, ban adana ba, wuta ta ɗauke. Da ta dawo, aikin yinin nan duka babu. Yarinyar ta zauna a kan bencin shago tana share hawaye da gefen mayafi, gobe za ta miƙa. Mun kwana muna sake bugawa a gidan wani mai janareta. Har yau in na tuna fuskarta sai zuciyata ta sosu. Bayan nan ne na sayi laftof ɗin da kake gani. Laftof tana da batir, in wuta ta tafi tana ba ka lokaci. Ta tebur a take take mutuwa. Yanzu an samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma wuta ba ta daina ɗaukewa ba. In za ka sayi ta tebur, ka sa kuɗin UPS, akwatin batirin da ke riƙe mata wuta, a lissafi tun yau. Rigakafi ya fi magani.

Ka tuna kuma a gidan haya kuke, mita ɗaya kuke sa wa kati ku duka. Kwamfutar da za ta kwana tana aiki za ta nuna a mita. Kafin wani ya yi gunaguni, kai ka fara zuwa wurin mai karɓar kuɗin wuta ka ce a ƙara maka kaso. 'Yan sidi kaɗan ne, amma za su saya maka zaman lafiya da maƙwabta.

Ita tsohuwar laftof ɗin kuwa, ba na son ka raina ta. Da tsohuwar zuma ake magani. Tawa na cire mata tsohon faifai mai juyawa na sa SSD, na ƙara ram ya kai 8, na sa aka share ƙura aka sake mai. Da ita nake buga wasiƙu da takardun haya. Da ita yaran layin nan suke duba sakamakon jarrabawar BECE da makarantar da aka tura su. Ba ta taɓa ba ni kunya ba, domin ban taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wani yaro da ke karatu a jami'ar KNUST ya ce zai sa min Linux Mint a kanta, kyauta ce kuma ana kula da ita, na ce ya zo in an yi hutu. Duk shekarar da irin wannan laftof ta ƙara tana aiki, shekara ce da ba ta faɗa hannun yaranmu na Dagomba Line ba, waɗanda ke fasa tsofaffin kaya suna shaƙar hayaƙi don ɗan jan ƙarfe. Da ƙanwarka ce ke neman abin buga aikin makaranta, da na ce ta saya, in batir na da rai kuma kuɗin ya yi daidai.

In kuma ka ga lallai sai abin da za ka saɓa a kafaɗa ka tafi wurin biki da shi, akwai tsaka-tsaki. Ka nemi hom-yus daga zubi na 8 zuwa sama. A zubin nan ne, a 2017, i5 na siraran laftof ya tashi daga ƙwaya 2 zuwa 4. Kuma kada i7 ta ɗauke maka ido. Akwai i7 na laftof da yawa, har zubi na 7, masu ƙwaya 2 kacal. Ƙaramin i3-12100 na tebur, mai ƙwaya 4, ya fi su nesa ba kusa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ra'ayina dai, tunda ka tambaye ni, ta tebur ce ta dace da sana'arka. Za ka iya ƙara mata ram bana, katin hoto baɗi, tana girma tare da kai. In kuɗin bai kai ba, kada ka ci bashi, kada kuma ka koma wurin mahaifiyarka, ta yi iya yinta. Ka ƙara wata uku ko huɗu a kan pragya. Sauri ya haifi nawa. Kafin nan, shagona na nan. Bayan magariba ba na aiki da laftof ɗin. Ka zo ka riƙa koyon yanka da jerawa da gajerun bidiyo marasa nauyi. Hannu ne ke fara ƙwarewa kafin kayan aiki su zo. Ranar da ka hau sabuwar, za ka san abin da ka saya.

Saura abokinka. Kada ka je masa da fushi, kada ka ce ya so ya cuce ka. Na fi zaton shi ma sitika ya gani ya saya, kuma da zuciya ɗaya ya kawo maka. Ka ce masa ka gode, aikin da za ka yi ya fi ƙarfinta. Ka nuna masa yadda ake karanta lambar, a keɓe, ba a gaban mutane ba. In ka san ɗalibin da ke neman ta rubutu, ka haɗa su, kowa ya san abin da yake saye. Kun taso tare tun makarantar allo, laftof ba ta isa ta shiga tsakaninku ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu, ka zo da safe mu sha koko, mu hau trotro zuwa Adum tare. Ka taho da bidiyon sunan da ka ɗauka makon jiya a cikin filasha. Za mu roƙi mai shagon ya sa shi a kwamfutar, ya fitar da shi a gabanmu, mu zauna mu jira har ya gama. Gani ya kori ji. Kada ka taho da kuɗi ranar, kallo kawai za mu je yi. Ka gaishe min da mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa neman naka albarka.